Kafin Damina Ta Cinye Sauran: Wuraren Tarihi na Magariya da Dungas

Filin wannan mako ya nufi kudancin jahar Damagaram, wato gundumomin Magariya da Dungas, domin duba abin da magabata suka bari a can da halin da yake ciki. Daga nan zai ƙetare teku zuwa wani birni na ƙasar Indiya wanda shi ma Faransawa suka mulka, a ga yadda mutanensa suka yi da nasu gadon.

Ranar Talata 3 ga watan Satumba na shekarar 2024, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya kayar da tsohon masallacin unguwar Birni a cikin Damagaram, ginin ƙasa wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. Labarin ya zagaya duniya, jama'a suka yi jimami. Shekara guda kafin haka, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masu salla har aka rasa rayuka. Waɗannan gine-gine biyu sanannu ne, suna cikin littattafai, suna da hotuna, ga sarakuna a kusa da su, amma duk da haka suka faɗi. To ina ga zauren wani tsohon sarki a ƙauye, ko kufan ganuwa da ke tsakiyar gonar gero, waɗanda in sun faɗi ko gidan rediyon gari ba zai ambace su ba? Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da kudu ke da shi

Duk wanda aka ce ya lissafa wuraren tarihi na wannan jaha, da birnin Damagaram zai fara, a nan kuma zai tsaya. Zai ambaci fadar sarki, da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ɗan Sulemanu ya ɗaukaka, da unguwar Zango ta fatake, da barikin sojan Faransa da aka gina bisa duwatsu bayan yaƙin Tirmini na 1899. Zai tuna cewa birnin ya riƙe matsayin babban birnin ƙasar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, kafin a mayar da shi Yamai. Tun 2006 Nijar ta sanya Birni da fadar cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su, kamar yadda ta amince da tsohon garin Agadas a 2013. Wannan duk daidai ne. Sai dai daular Damagaram ba ta ci da kanta daga duwatsun Birni ba: hatsinta da yawan jama'arta da hanyarta ta zuwa Kano duk a kudu suke.

Abu na farko da kudu ke da shi, shi ne sarautun Sosebaki. Dungas da Waca da Miriya kujeru uku ne na tsatso guda, wanda tarihin baka ke dangantawa da Barno, sun kuma riga Damagaram kafuwa kafin ta yi ƙarfi ta rinjaye su a ƙarni na 19. Gidajen waɗannan sarautu, da tambura, da makaman da aka gada, da maƙabartun sarakuna, da jerin sunayen da maroƙa da makaɗa ke riƙe da shi a ka, duk dukiya ce wadda ba a sayen irinta a kasuwa.

Abu na biyu shi ne sawun Daura. Lokacin da Malam Isiyaku ya ci Daura a 1805 a zamanin jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa zuwa arewa, gidan sarautar ya yi shekaru yana ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Yekuwa, wadda yau take cikin gundumar Magariya, tana cikin wuraren da suka zauna. Daga zuriyar nan ne aka sami sarautun Zango da Ɓaure, ita ma Magariya a nan asalinta yake. Bature masani M. G. Smith ya bi diddigin wannan labari a littafinsa na 1978 kan Daura. Ashe ke nan mutumin Daura da ke kai baƙonsa rijiyar Kusugu, rabin labarin kawai ya nuna masa, domin sauran yana ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai yini ba.

Abu na uku ita ce iyakar kanta. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, ta kafa alamomi 148 da suka raba Nijar da Nijeriya. Wani sashe na layin ya ratsa kudu da Magariya da Dungas, ya raba gona da mai ita, ya raba wa da ƙane. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin duwan a Tinkim, ko mai kora shanu zuwa kasuwar Alhamis ta Maigatari, kullum wannan layi yake ƙetarewa. Tafintan tawagar, Landeroin, ya zauna da dattawan garuruwa ya rubuta abin da suka faɗa masa kan asalinsu, aka buga a Faris a 1911. Har gobe masu bincike na komawa ga wannan rubutu, alhali jikokin waɗanda suka ba da labarin, kaɗan ne cikinsu suka taɓa ganinsa.

Abu na huɗu shi ne zamanin gyaɗa, wanda tsofaffin da ke raye suka gani da idonsu. Ƙasar Magariya tana cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar, a lokacin da gyaɗa ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga waje, kafin yuraniyom ya karɓe ta. Kamfanonin Turawa sun buɗe kantuna, an kafa sikeli a kasuwanni, an tara buhuna dala-dala, kamiyo na ɗauka zuwa Kano inda jirgin ƙasa ke sauke su Legas. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA domin riƙe cinikin, aka kuma yi masana'antar mai a Magariya. Farin shekarun 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya suka karya wannan arziki. Tsofaffin kantuna da ɗakunan ajiya da burorin da suka rage daga wannan zamani, su ne shaidar yadda kakannin attajiran yau suka fara.

Akwai kuma abin kallo mai rai. Manoman Magariya da Matamaye da Miriya sun raya gawo a gonakinsu da hannunsu tun daga shekarun 1980, har masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa gani, suka ƙiyasta faɗin wurin da kimanin hekta miliyan guda. Baƙo daga nesa ya ga abin mamaki, ɗan gari kuwa ya wuce bai ɗaga kai ba.

Birnin da ke gaɓar tekun Bengal

Domin a ga abin da irin wannan gado ke iya zama in an kula da shi, ya kyautu a dubi Pondisheri. Birni ne na Tamilawa a kudu maso gabashin Indiya, kimanin kilomita 150 kudu da Madaras, wadda ake kira Cennai tun 1996. Abin da ya haɗa shi da Nijar shi ne Faransa. A 1674 François Martin ya kafa sansanin ciniki na kamfanin Faransa a wurin, Ingilishi suka rusa birnin a 1761, aka sake gina shi, ya yi ta sauya hannu tsakaninsu da Faransawa kafin ya zauna a hannun Faransa har ranar 1 ga Nuwamba 1954, aka kammala miƙa shi a hukumance a 1962. A 2006 aka sauya sunansa zuwa Puduceri.

Tsarin tsohon garin zai tuna wa mutumin Damagaram da nasa. Wata magudanar ruwa ta raba shi biyu: gefen teku unguwar Turawa, ɗaya gefen unguwar ƴan ƙasa, kamar yadda aka ware bariki daga Birni da Zango. Baƙo kan fara da titin bakin teku mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, wanda ake hana mota shiga da maraice domin masu tafiya a ƙasa. A nan zai ga mutum-mutumin Gandhi, da tsohuwar hasumiyar fitila ta jiragen ruwa da aka gina a 1836. In ya shiga ciki zai tarar da makarantar Faransa da aka buɗe a 1826, da cocin da aka gama a 1855, da tituna masu alluna shuɗɗa ɗauke da suna cikin Faransanci da Tamilanci. In ya ƙetare magudanar zai ga gidajen Tamilawa masu rumfa da dakali a ƙofa, inda matafiyi ke iya hutawa ba tare da ya nemi izini ba, aikin da zaure da dakali ke yi a ƙasar Hausa. Akwai wurin ibadar Hindu na Manakula Vinayagar wanda ya riga Faransawa zuwa, akwai kuma unguwar Musulmi da tsofaffin masallatanta, domin fataken Musulmi sun daɗe suna ciniki a wannan gaɓa.

Gida guda a cikin unguwar Tamilawa ya cancanci ƴan kasuwa su tsaya a kansa. Na Ananda Ranga Pillai ne, attajiri kuma dillalin gwamna Dupleix. Wannan mutum ya riƙe littafin abubuwan yau da kullum cikin harshensa daga 1736 zuwa 1761, yana rubuta zuwan jiragen ruwa da farashin kaya da rigingimun fada. Yau babu mai rubuta tarihin kudancin Indiya na wancan ƙarni da zai tsallake littafin, gidan kuma yana nan tsaye. Damagaram ta yi irin wannan mutum, wato Malam Yaro, attajirin Zango wanda cinikinsa ya kai Tarabulus, wanda kuma Faransawa suka kora daga ƙasa tare da Sarki Amadu ɗan Basa bayan zargin makirci na 1906. Bambancin da ke tsakaninsu guda ne: na Indiya ya bar rubutu da hannunsa, shi ya sa ake jin labarin daga bakinsa, na Damagaram kuwa yawanci daga takardun waɗanda suka kore shi ake jin nasa.

Pondisheri ba ta wayi gari ta ga kanta haka ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta, INTACH, wadda aka kafa a Indiya a 1984, ta bi gari titi-titi tana rubuta tsofaffin gine-gine, tana aunawa, tana ɗaukar hoto, tana lallashin masu gida kada su rusa. An gyara fuskar gidajen titin Vysial, titin ƴan kasuwa, har aikin ya sami lambar yabo ta UNESCO a 2008. Wasu masu gidaje suka mayar da su masauki da gidan abinci da kanti, suka ga ashe tsohon gini na iya biyan kuɗin gyaransa. Abin lura kuma shi ne, mafi yawan masu cika garin ƴan Indiya ne daga Cennai da Bangalor, waɗanda ke zuwa hutun ƙarshen mako.

Duk da haka birnin ya sha kashi. An rusa ɗaruruwan tsofaffin gidaje domin gina benayen siminti. Ranar 29 ga Nuwamba 2014, bayan ruwan sama, ginin magajin gari da aka yi a 1870 ya zube a bakin teku, alhali an daɗe ana shirin gyara shi. An sake gina wani a kan siffarsa, aka buɗe a 2021, amma kowa ya san kwafi ne. Ginin hukuma ne, yana cikin jerin, an san ciwonsa, jinkiri ne ya kashe shi. Wannan da masallacin Birni labarinsu ɗaya.

Ginin Bature: a rusa ko a bari?

Wani zai ce, me ya sa za a kashe kuɗi kan burorin kwamanda da kantunan Turawa, wuraren da aka tara haraji aka yi aikin dole? Tambaya ce mai nauyi, musamman a lokacin da ƙasa ke sake duba alaƙarta da Faransa, har aka sauya wa babban titin De Gaulle na Yamai suna zuwa Djibo Bakary a watan Oktoba na 2024. Mutanen Pondisheri sun amsa ta da aiki. Sun ɗauke mutum-mutumin Dupleix daga tsakiyar dandali sun kai shi ƙarshen titin teku, sun bai wa nasu gwaraza wuri mai daraja, amma ba su narkar da shi ba. Sauya suna haƙƙin ƴan ƙasa ne. Rusa gini kuwa ɓatar da shaida ne, domin talakawan ƙasa ne suka ɗebo ƙasarsa da duwatsunsa da azararsa a ka. Yaron da aka kai gaban ginin aka ce masa kakanka ne ya ɗauko wannan dutse ba tare da lada ba, ya fi wanda aka karanta wa a aji riƙe darasin. Gani ya kori ji.

Me ke kayar da ginin ƙasa?

Maginan gargajiya sun san amsar tun da daɗewa. Ginin tubali na iya wuce shekara ɗari in an kiyaye kansa da ƙafarsa. Kansa shi ne rufi da indararo: in indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, ya jiƙa azara, gara ta shiga. Ƙafarsa ita ce gindin bango: in kwata ta cika da leda, ko aka ɗaga titi ya fi daɓen gida tudu, ruwa zai tsaya yana cin tushe har bango ya kwanta. A da kowace shekara kafin damina ake sabunta yaɓe, a shafe da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, unguwa ta fito gayya ƙarƙashin Sarkin Magina. Yau sau da yawa siminti ake shafawa bisa ƙasa da nufin alheri, sai ya riƙe laima a ciki, ya ɓoye tsaga, bango ya ruɓe a ɓoye har ranar da zai zube gaba ɗaya. Kuɗin yaɓen shekara bai kai na buhunan siminti na sake gini ba, balle a ce sabon ya maye gurbin tsohon.

Aikin da ba ya jiran tallafin waje

Doka tana nan. Tun ranar 30 ga Yuni 1997 Nijar ta yi doka mai lamba 97-022 kan kiyaye kayan tarihi da al'adu na ƙasa, wadda ta buɗe hanyar rubuta wuri a kuma ba shi kariya. Amma doka ba ta kare abin da ba a rubuta ba, rubutun kuma aikin ma'aikata ne. Ferefe da hukumomin komin, daga Bande da Sasumburum da Kwaya zuwa Guci da Malawa da Dogo-Dogo, suna iya neman kowane mai gari ya faɗi wurare uku da mutanensa ke girmamawa: kufai, ko tsohuwar rijiya, ko kabari, ko masallaci, ko kuka mai suna. Malamin makaranta guda da littafi da wayar salula mai hoto ya isa ya rubuta na gari guda cikin hutun mako. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram, wadda ke ɗauke da sunan masanin da ya rubuta tarihin wannan daula a 1971, tana da ɗalibai masu neman abin bincike. A naɗi muryar maroƙa da tsofaffin dillalan gyaɗa tun suna da rai, a kwafi takardun ajami da ke cikin gafakar malamai da yardar masu su. Ma'aikacin da ke raba fuloti kuma, ya dubi wannan jeri kafin ya ja layi.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu rabo, da nasu riba. Ba sai an jira Turawa masu yawon buɗe ido ba, waɗanda matsalar tsaro ta rage zuwansu Sahel ƙwarai. Baƙin kudu suna nan kusa: fataken Kano da Jigawa da Katsina da ke zuwa cin kasuwa, da dangin da ke ƙetare iyaka domin biki da hawan salla, da ɗalibai, da ma'aikatan da aka turo daga wasu jahohi. Baƙon da aka nuna wa abin kallo yakan ƙara kwana guda, wanda ya ƙara kwana kuma zai biya masauki, ya ci abinci, ya hau mota, ya sayi tabarma da kilishi na tsaraba. Attajirin da ke iya gina masallaci sabo fil yana iya ɗaukar nauyin yaɓen tsohon, ko ya kafa allo a ƙofar wani wuri da bayani cikin Hausa da ajami da Faransanci. Wanda ya gaji tsohon gida a bakin kasuwa, ya yi shawara da magini kafin ya kira mai rusawa. Wanda kuma ke da tsofaffin littattafan ciniki na mahaifinsa, ya adana su, domin littafin Ananda Ranga Pillai ma da haka ya fara.

Bikin 18 ga Disamba na 2018, wanda aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, ya nuna cewa in an so ana iya ƙawata birni cikin ɗan lokaci. Abin da ake nema a Magariya da Dungas bai kai wannan tsada ba: jerin sunaye a buro, allo a bakin hanya, indararo a buɗe, yaɓe kafin ruwan farko. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an rufe tulun. Watannin rani su ne lokacin wannan aiki, domin da zarar hadari ya taso daga gabas, magini ba shi da sauran ta cewa.